Aikin Juri da Nauyin da ke Kan Talaka Wajen Tsai da Adalci

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, wanda ya daɗe yana aikin tafinta a kotu nan Legas kafin ya yi ritaya, ya gabatar a taron wayar da kan mambobi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi, domin amfanin 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin 'yan kara, da na 'yan goro, da na 'yan gwari, da na 'yan canji, iyayenmu mata, da matasanmu da ke can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida da kasuwa lafiya.

Bayan haka, kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni in yi magana a kan wani abu da ake kira juri. Na san wani zai ce a ransa, to mu ina ruwanmu da juri, abin da ko a kotunan Nijeriya babu shi yau? Dalilin kwamiti guda biyu ne. Na farko, a cikinmu nan akwai waɗanda 'ya'yansu ko ƙannensu ke zaune a Amurka da Ingila, sun sami takardar zama 'yan ƙasa, kuma takardar kiran juri ta fara iske su har gida. Akwai masu 'yan'uwa a zangunan Kumasi da Ankara, inda can ma ana wannan aiki. Tambayar da suka fi yi idan sun bugo waya ita ce, yaya za a yi a zille? Dalili na biyu kuwa, ya fi na farko kusa da mu. Halin da ke sa mutumin can ya ɓoye takardar juri a ƙarƙashin katifa, shi ne halin da ke sa namu na nan ya ce bai ga komai ba alhali a gaban rumfarsa aka yi abin. Saboda haka zan fara da can, in ƙare da nan.

MENE NE JURI?

Juri wasu mutane ne gama-gari, waɗanda ba lauyoyi ba, ba kuma ma'aikatan kotu ba, da ake tsamo sunayensu ta hanyar ƙuri'a domin su zauna su saurari shari'a tare da alƙali. A Ingila da Amurka, a manyan laifuffuka, mutum 12 ne. A Sikotlan 15 ne. A Gana 7 ne. Za ka tarar da direba, da malamar makaranta, da mai shago, da ɗan fansho, duk a benci ɗaya.

Yadda aka raba aikin shi ne, alƙali yana riƙe da doka, su kuma suna riƙe da abin da ya faru. Wato alƙali zai ce musu, ga abin da doka ta kira kisan kai, ga sharuɗɗansa. Su kuma bayan sun ji shaidu, sun ga hujjoji, sai su shiga ɗaki su kaɗai, a rufe ƙofa, ba alƙali ba lauya, su tattauna har su amsa tambaya ɗaya tak: wannan mutum ya aikata ko bai aikata ba? Idan suka fito suka ce bai aikata ba, to shi ke nan, ko da alƙali yana ganin ya aikata, dole ya sallame shi.

Jama'a, ku dubi girman wannan al'amari. Gwamnati tana da 'yan sanda, tana da lauyoyi, tana da kurkuku, amma ba ta isa ta ɗaure mutum a kan babban laifi ba sai ta gamsar da talakawa 12 waɗanda ba ta biyan su albashi, ba ta kuma iya yi musu canjin wurin aiki.

Ba a kwance aka sami wannan ba. A shekarar 1670, a birnin Landan, an gurfanar da wasu mutum biyu, William Penn da William Mead, saboda sun yi wa'azi a kan titi ba bisa tafarkin cocin gwamnati ba. 'Yan juri suka ƙi cewa sun yi laifin da ake tuhumarsu. Alƙalai suka fusata, aka kulle 'yan jurin kwana biyu ba ci ba sha, wai sai sun sake magana. Suka ƙi. Aka ci su tara, wasu daga cikinsu, har da wani mai suna Edward Bushel, suka ce ba za su biya ba, suka zauna a kurkuku makonni. Daga bisani babban alƙali John Vaughan ya yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya bayar. Wannan ƙa'ida tana nan har gobe. Su kuma Amurkawa, da suka sami 'yancin kansu, sai suka rubuta hakkin shari'a a gaban juri cikin gyare-gyaren tsarin mulkinsu na 1791.

Akwai wani abu a tarihin Ingila da nake so ku riƙe, domin ya shafi mutane irinmu, fatake mazauna garin wasu. Tun daga wajen 1353, dokarsu ta ba baƙon ɗan kasuwa damar ya nemi a raba masa juri biyu: rabi 'yan gari, rabi baƙi irinsa. Sai a 1870 aka soke wannan. Ashe tun shekaru ɗari shida da suka wuce an gane cewa baƙo yana cikin haɗari idan babu ko mutum ɗaya a cikin masu yanke masa hukunci da ya san harshensa da yadda yake ciniki.

YADDA MUTANEN CAN SUKA ƊAUKI ABIN

To, tun da abin yana da wannan daraja, sai a zaci kowa zai riƙa ɗokin a kira shi. Ko kusa. A Amurka zille wa juri har abin barkwanci ya zama. Wani ya ce ba ya ji sosai, wani ya ce ya riga ya tsani wanda ake tuhuma, wani ya yi kamar takardar ba ta zo ba.

A shekarar 2017 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew ta tambayi jama'a ko zaman juri yana cikin abin da ke sa a kira mutum ɗan ƙasa nagari. Kashi 67 cikin ɗari suka ce e. Amma da aka ware matasa masu shekara 18 zuwa 29, rabinsu ne kawai suka yarda. Haka nan an sami baƙar fata sun fi Turawa sanyin jiki game da abin. Matasa ku lura, domin ko a can ku ne aka fi samu da ja da baya.

Kada kuma mu yi musu rashin adalci, suna da uzurinsu. Na farko kuɗi. Kotun tarayya a Amurka dala 50 take ba ɗan juri a rana, wasu jihohin ko rabin haka ba sa bayarwa. Doka ta hana maigida ya kori ma'aikaci don ya tafi juri, amma dokar tarayya ba ta tilasta masa ya biya shi albashin kwanakin ba. Ma'aikacin babban kamfani ba zai ji a jikinsa ba. Amma ɗan tasi fa? Mai wankin mota fa? Wanda sai ya fita zai ci, kamar yawancinmu nan, shi ne abin ya fi yi wa nauyi. Na biyu lokaci. A Ingila galibi kwanaki goma na aiki ake nema, amma shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, ba a kuma san ranar haihuwar ba. A shari'ar O.J. Simpson ta 1995, an killace 'yan juri a otal fiye da wata takwas, ba sa kwana a gidajensu. Na uku tsoro, da nauyin zuciya. Ba ƙaramin abu ba ne a nuna maka hotunan gawa, sa'an nan a ce rayuwar wani tana bakinka.

Duk da haka hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A Ingila wanda ya ƙi zuwa ba da uzuri ba ana iya cin sa tara har fam 1,000. A kotun tarayyar Amurka ana iya cin sa har dala 1,000, ko ɗaurin kwana uku. Saboda haka iyaye, idan yaro ya bugo waya yana neman dabara, abu na farko ku gaya masa kada ya jefar da takardar, kada kuma ya yi ƙarya a cikin amsarta. Idan yana da uzuri na gaskiya, kamar ciwo, ko jarrabawa, ko tafiya aikin Hajji, ya rubuta ya nemi a ɗage masa, kotunan suna da hanyar yin haka. Amma abin da na fi so ku gaya masa shi ne ya je, ga kuma dalili.

KUJERAR DA KA ƘI ZAMA

Kujerun juri ba sa zama wayam. Idan ka ƙi zuwa, ba a fasa shari'ar, wani ake kira ya zauna. Kuma babu wanda ya fi baƙar fatar Amurka sanin abin da ke faruwa idan kullum wani ne ke zaune.

A shekarar 1955, a jihar Misisipi, aka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till, wanda ya zo hutu daga Cikago, wai don ya yi wa wata Baturiya rashin kunya a shago. Aka ɗauke shi da dare daga gidan danginsa, bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogi. An kama Turawa biyu. 'Yan juri 12, dukkansu Turawa maza, domin a wannan gunduma daga cikin masu rajistar zaɓe ake ɗiban juri, baƙar fata kuwa an toshe musu hanyar yin rajista. Sa'a ɗaya da 'yan mintoci suka yi a ɗaki, suka fito suka ce mutanen ba su da laifi. Ba a yi wata shida ba waɗannan mutum biyu suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka kashe yaron, suna sane da cewa doka ba ta barin a sake gurfanar da su a kan laifi guda.

Amma a wannan shari'a akwai wani dattijo da nake so mu tuna da shi, Mose Wright, manomi, ɗan'uwan kakar yaron ta wajen aure, wanda a gidansa aka ɗauke shi. A wancan zamani, baƙar fata ya tsaya a kotu ya tuhumi Bature, tamkar ya haƙa kabarinsa ne. Tsohon nan ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya nuna su da yatsa. Bayan shari'a ya bar gonarsa ya koma Cikago, bai sake zaman Misisipi ba. Bai yi nasara a kotu ba, amma saboda tsayuwarsa duniya ta san gaskiyar abin da ya faru, kuma wannan shari'a tana cikin abubuwan da suka tayar da gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata.

Shekaru suka yi ta fafutukar neman wannan kujera. A 1968 aka yi dokar tarayya da ta ce a riƙa ɗiban 'yan juri daga kowane sashe na jama'a ba tare da duban launi ko addini ba. A 1975 kotun ƙoli ta hana tsarin da ke ware mata. A 1986 ta hana lauyan gwamnati ya cire mutum daga juri don launin fatarsa kawai. Sai ku kwatanta da abin da ya faru a 2021, a shari'ar ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd har ya mutu. A cikin 'yan juri 12, shida Turawa ne, shida kuwa baƙar fata ne ko ruwa biyu. Wata yarinya 'yar shekara 17 da ta ɗauki abin da wayarta ta zo kotu ta ba da shaida. Aka same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara 22 da rabi.

Kada wani ya fahimce ni cewa juri kullum yana haifar da abin da rai ke so. A 1999, a birnin Niyok, 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 a kan wani ɗan tireda ɗan ƙasar Gini, Amadu Diallo, yana tsaye a ƙofar gidansu ba makami a hannunsa. A 2000 juri ya sallame su duka, kuma akwai baƙar fata a cikin jurin. 'Yan juri mutane ne, suna kuskure, ana ruɗa su, wani lokaci ma doka ce ke ɗaure musu hannu. Zaman naka a kujerar bai tabbatar maka da nasara ba. Abin da ya tabbatar shi ne an ji ta bakin wanda ya san halin da kake ciki kafin a yanke. Ai ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Akwai masu tambaya ko ya halatta Musulmi ya zauna a irin wannan kujera a kotun da ba ta Musulunci ba. Wannan fagen malamai ne, ga su nan zaune, kuma 'ya'yanmu na can suna da limamansu da suka san yanayin wurin, sai a tambaye su. Ni dai abin da zan ajiye a gabansu shi ne, a ranar da za a gurfanar da wani mai gemu ko wata mai hijabi, 'yan juri za su shiga ɗakin nan su rufe ƙofa, ko da namu a ciki ko babu.

A NAN GIDA AFIRKA

Matasa da yawa ba su san cewa a nan Legas ɗin da muke zaune an taɓa yin shari'a da juri ba. Turawa sun kawo shi tun Legas tana ƙarƙashin mulkinsu kai tsaye, ana amfani da shi a manyan laifuffuka irin na kisa. Dattawan Yarbawa har yau suna ba da labarin Alfa Bisiriyu Apalara, malamin wa'azin da aka kashe a Ebute Meta a farkon 1953. Ba a taɓa ganin gawarsa ba, amma shaidu suka fito, aka yi shari'a a gaban juri, aka sami mutum 11 da laifi. A cikin shekarun 1970, zamanin mulkin soja, aka daina amfani da juri a Legas. A Arewa kuwa dama ba a san shi ba. Abin da kakanninmu suka sani shi ne alƙali da muhutai, wato malaman da ke zama gefensa suna ba shi shawara, amma hukunci nasa ne.

Ba mu kaɗai muka bar shi ba. Afirka ta Kudu ta soke shi a 1969. Indiya ta bar shi bayan wata shahararriyar shari'a ta 1959, inda juri ya wanke wani hafsan sojan ruwa da ya harbe abokin matarsa, babbar kotu ta ture hukuncin. Abin da masu sukar juri ke faɗi a ƙasashe irin namu sananne ne: ƙabilanci, da cin hanci, da tsoron masu ƙarfi, da jinkiri. Har yau lauyoyinmu suna muhawara ko a maido da shi ko kada a maido. Ni ina ganin wanda yake zaune a garin da mutanensa ba su da yawa, ya kamata ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu, domin juri ba ya fin jama'ar da aka ɗebo shi daga cikinta kyau.

Gana kuwa ta riƙe nata. A can mutum 7 ke zama a shari'ar kisan kai. Ku tuna da Manjo Maxwell Mahama, hafsan sojan da mutanen wani gari suka yi wa taron dangi a watan Mayun 2017, suna zaton ɗan fashi ne, suka kashe shi. An gurfanar da mutum 14. Sai a watan Janairun 2024 juri ya yanke hukunci, ya sami 12 da laifi aka yi musu ɗaurin rai da rai, ya sallami biyu. Ku dubi wannan: taron jama'a ne ya kashe shi cikin 'yan mintoci ba tare da tambaya ba, wasu jama'ar kuma suka yi shekaru suna zirga-zirgar kotu domin a tantance wa ya yi, wa bai yi ba. Kuma ba a cikin jin daɗi suke aikin ba, domin a 2023 da 2024 'yan juri a Gana sun yi ta ƙaurace wa kotuna saboda an riƙe musu alawus na watanni. Gwamnatin da ke son talaka ya ɗauki nauyin adalci, wajibi ne ita ma ta sauke nata.

TO MU FA?

Yanzu na dawo gida. Babu mai aiko mana da takardar juri a Agege ko Idi-Araba ko Obalende. Amma adalci a Nijeriya ma ba ya tsayawa da alƙali shi kaɗai. Alƙali bai je wurin ba, lauya bai je wurin ba. Abin da aka faɗa a akwatin shaida, shi kaɗai suke da shi. Kujerarmu ta juri ita ce akwatin shaida.

Na yi shekaru ina tsaye tsakanin alƙali da mutanenmu ina juya magana, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne irin wannan: a kama yaro a kasuwa, kowa ya san a lokacin da aka ce an yi laifin yana masallaci ko yana sauke buhun albasa, mutum ashirin sun gan shi. Ranar shari'a a kira shaida, ba kowa. A ɗaga, a sake ɗagawa. Yaro yana tsare yana jiran shari'a, wata ya zama shekara. A wani gefen kuma, a ƙone wa mutum rumfa da rana tsaka, an san waɗanda suka yi, a kama su, amma don babu mai zuwa ya nuna su, alƙali ya sallame su. Sai mu koma majalisa muna cewa an tsane mu, kotu ba ta yi da mu.

Na san dalilanmu, kuma iri ɗaya ne da na mutanen can. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ana tsoron ka je shaida a mayar da kai mai laifi. Ana tsoron wuni a kotu, a rasa cinikin rana, a ce a dawo wata mai zuwa. Ana tsoron Turanci. Sa'an nan ga babbar magana wadda muka gada: mu baƙi ne, nema ya kawo mu, baƙo raɓa ne. To jama'a, raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, ai ta zama rafi. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi. A nan Legas akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Wanda ya gina gida, ya binne iyayensa a gari, ba shi da bakin cewa shari'ar garin ba ta shafe shi ba.

Ba mu manta da Shagamu a 1999 ba, ko Idi-Araba a 2002, ko Mil 12 a 2016, ko Shasha a 2021. Ba mu manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 ba, Allah ya jiƙansu. Kowane lokaci muna kira a hukunta masu laifi, kuma muna da gaskiya. Amma kotu ba ta hukunta kowa da kukan jama'a, sai da ganau wanda zai tsaya ya faɗi suna, da rana, da wuri. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗaukar doka a hannu ba a Kudu kaɗai ake yi ba, a garuruwanmu na Arewa ma ana yi, a kasuwanninmu na nan ma idan aka yi ihun ɓarawo akwai namu a cikin masu ɗaukar sanda. Wanda yake son a yi wa ɗan'uwansa shari'a kafin a taɓa shi, to shi ma ya kai ɓarawon da ya kama wurin hukuma da ransa.

Malamai sun fi ni sani, a ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 282 da ta 283, an hana shaidu ƙin amsa kira, an kuma hana ɓoye shaida. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, an umurce mu da faɗin gaskiya ko da a kan kanmu ne ko danginmu. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar. Shaida ba ta zama shaida idan sai Bahaushe ne aka zalunta muke gani. Idan namu ne ya cuci Bayarabe ko Ibo a gabanka, aka kira ka, faɗin gaskiyar nan shi ne zai sa gobe a yarda da maganarka. Unguwar da aka san mutanenta ba sa rufa wa mai laifi asiri, ita ce ake jin kunyar yi wa kuɗin goro.

Ga kuma abin da doka ta ba mu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi, idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Mai ba da shaida ma yana iya magana da Hausarsa a fassara. Kada kunya ta sa ka ce kana jin Turanci alhali guntu kake ji, domin kalma ɗaya tana ɗaure mutum. Sashe na 24 kuma ya lissafa taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka a cikin wajiban ɗan ƙasa. Iyayenmu mata, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara huɗu, shugabanni su duba. Ɗaya, a ware wani abu daga asusu domin kuɗin mota da na abincin duk wanda zai je ba da shaida, tun da asarar cinikin rana ita ce babban abin da ke hana mutane. A rubuta shi a littafi a fili, don kada wani ya ce sayen shaida ake yi. Biyu, kada a bar shaida ya tafi shi kaɗai, a haɗa shi da dattijo ɗaya da matashi mai ilimin boko, maƙwabtansa kuma su kula masa da rumfa. Uku, kowace kasuwa ta riƙe sunayen mutanenta da ke tsare, da kotun da shari'arsu take, da ranar zama. Huɗu, idan Mai girma Sarki ya kira ka zaman sulhu a fada, ka amsa. Wannan zama shi ne jurinmu na gargajiya, kuma rigimar da aka kashe a zaure ba ta kai wa ga caji ofis. In ka zauna kuwa, ka ji ta bakin kowane ɓangare kafin ka buɗe naka, kada ka duba wane ne ɗan garinku ko wane ne maigidanka a kasuwa.

Matasa, ku ne masu waya a hannu. Ɗaukar hoton abin da ya faru a watsa a Facebook abu ne mai sauƙi, kowa yana yi. Yarinyar da na ba ku labari ba ta tsaya nan ba, ta je ta rantse a gaban kotu, lauyoyi suka yi mata tambayoyi, ta amsa. Wannan shi ne abin da ake nema daga gare ku.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi kafin la'asar.  Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a inda take da nauyi, ya kare mu daga sharrin da ba mu ji ba ba mu gani ba, ya fitar da 'yan'uwanmu da ke tsare ba da hakkinsu ba, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Allah ya ja zamanin Sarki.